Lambar Hula a Gonar Copland

Copland Evari bai san ubansa ba. Yana goye a bayan uwarsa sojojin Ostareliya suka zo ƙauyensu kusa da Buna neman 'yan dako, lokacin yaƙin Japan. Uban ya bi su, bai dawo ba. Abin da aka ji kawai shi ne wani Bature ya ba shi hularsa, kuma da ita aka yi masa ganin ƙarshe.

Tun daga ranar, uwarsa Damaris ta bar cin gwaza. Haka ake makoki a wurinsu: mutum ya haramta wa kansa abincin da ya fi so, sai an san makwancin mamaci. Copland ya girma, ya yi furfura yana noman abin da uwarsa ba ta sa wa a baki.

Wata safiya yana dashe a sabuwar gona, sandar haƙarsa ta tono wani ƙarfe mai siffar hudowar rana, duk ya yi kore. Ya ce a ransa ba zai kai wa tsohuwa abu da datti ba, sai ya zauna bakin rafi ya dirje shi da yashi da lemun tsami, yadda ake wanke tukunya, har ya yi ƙyalli. Daga nan ya nufi gidan Stafford, abokin wasansa da ya yi aikin soja.

"Na Japan ne ko? Ga ranar tutarsu nan."

"Kai dai ƙauyanci ba zai bar ka ba," in ji Stafford, ya tofar da jan yawun buwai, goron ƙasarsu. "Lambar sojan Ostareliya ce, a hula ake maƙala ta. Miƙo in ga kambin sarautar da ke jikinta."

Ya juya ta, ya sake juyawa. Dariyar ta ɗauke.

"Wa ya goge wannan?"

"Ni."

"Da me, dutsen niƙa? Ɗan'uwa, kambin nan shi ke faɗin zamani. In samansa a dunƙule yake, na Sarkin Turawa ne, lokacin yaƙi ke nan. In ya lotsa a tsakiya, na Sarauniya ne, wani ya yar da ita bayan yaƙi ya daɗe da ƙarewa. Rubutun ƙasa tsatsa ta riga ta ci. Kambin ne ya rage, ka kankare shi."

"Duba da kyau mana."

"Ido gare ni, ba duba nake yi ba."

Labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da Damaris zaune a gindin tsanin hawa ɗakinta, jikokinta har sun ɗora tukunyar gwaza.

"Tasa ce?"

Da ya ce e, da yau ta ci. Ya dubi hannayenta, duk ƙashi.

"Inna, ban sani ba. Akwai shaida a jiki, ni na goge ta."

Ta karɓi lambar, ta shafa wurin da ya yi sumul da babban yatsa, ta daɗe.

"A sauke tukunyar nan, yara su ci. Kai kuma, hula ba ta tafiya ita kaɗai. In kansa ne a cikinta, ƙashinsa na nan kusa."

Washegari Copland ya koma gonar. Ya fara tuge shukar da ya dasa, layi bayan layi, yana haƙa yana murza ƙasar da yatsu a hankali.