Mai Askin da Ya Soki Fim ɗin Ƙaninsa

Aski ne sana'arsa, amma duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya sha labarin Mai Sharhi, wani dattijo da ke rubutu kan finafinai a jarida. Bai taɓa ganinsa ba, rubutunsa kawai yake bi. Yakan ce dattijon ya iya yanka ba jini. Shawararsa ga masu son rubutu kuwa ya haddace ta: kada ka ce fim bai yi ba, nuna inda ya karkace.

Ranar da dattijon ya rasu, mai askin bai taɓa kan kowa ba. Daga baya ya fara rubuta nasa sharhin a waya idan shago ya yi sauƙi, mutane kuma suna karantawa.

Sai ƙaninsa ya fitar da fim ɗinsa na farko. Mai askin ya kalla. Farkon ya yi kyau, daga tsakiya labarin ya watse. Haka ya rubuta, ya saki.

Washegari yana yi wa wani gyaran fuska, ƙanin ya shigo ba sallama.

"Yaya, ka rasa wanda za ka tozarta sai ni?"

"Zauna in gama."

"Ba zama na zo yi ba. Inna ma an karanta mata, tana can tana kuka."

Mai askin ya juyo a fusace, reza na kan wuyan wanda yake yi wa gyara. Na kan kujera ya kalli rezar, ya ce a hankali, "Malam, ko a bari sai anjima? Wuya ɗaya gare ni."

Ba wanda ya yi dariya. Mai askin ya ajiye rezar.

"A fim ɗin, inda uban nan ya yafe wa ɗansa," ya ce, "me ya sa ya yafe? Mu ba mu gani ba."

Da ƙyar ƙanin ya ce, "Na yanke wurin. Fim ɗin ya yi tsawo."

"To zuciyar fim ɗin ka yanke."

Ƙanin ya fice. Ya daɗe ba ya gaishe shi, aski ma ya sauya shago. Inna ta sa baki har ta gaji. Da ya rubuta labari na biyu, sai ya aiko da shi ta hannun matarsa, wai a duba masa, amma kada duniya ta ji. Mai askin ya duba. Gaisuwarsu dai har yanzu sama-sama ce.