Yadda Na Haifa wa Sajan 'Ya'ya Tara

'Ya'yana, ni ba malami ba ne. Aji huɗu na yi a makarantar boko, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Amma na iya rubutu mai kyau, kuma da shi na ci abinci shekaru a unguwar Zongo. Ina da ɗan shago da injin kwafin takardu, mutane na kira na Baban Kwafi, ana ba ni sahun gaba a masallaci.

Wata rana wani tsohon soja, Sajan Bawa, ya zo yana ɗingishi da sandarsa. Ya ce in yi masa kwafin katin aikinsa, domin akwai wata babbar makaranta wajen unguwar Avédji da ke yafe wa 'ya'yan sojoji kuɗin karatu, kuma 'yarsa Rahina na son koyon aikin jinya. Ya ce kwafi ɗaya. Na danna sau biyu. Har yau ina cewa yatsana ne ya zame, amma yatsa ba ya ɓoye takarda a aljihu.

Maƙwabcina mahauci ne na fara yi wa. Na rubuta wa ɗansa takardar haihuwa, na mai da shi ɗan Sajan, makaranta ta karɓa. Labari ya bi gari. Kafin a rufe ɗaukar ɗalibai na haifa wa bawan Allah 'ya'ya tara, biyar a shekara guda, bai ko yanka rago ba.

Ita kuwa Rahina ta makara, don uban ya kwanta ciwon ƙafa. Da ta kai takardunta, aka ce mata gidansu ya wuce ƙima, ba sauran gurbi. Makaranta ta ce wa yaran tara su zo da wannan gwarzon uba.

Mahauci ya tsorata, ya ce, "Baban Kwafi, kai ka haife su, kai za ka je." Na sayi hular soja ta gwanjo a kasuwar Assiyéyé, na hau zemijan, wato acaɓa, na shiga ofishin shugaba na buga ƙafa. Na ce, "Sajan Bawa ne!"

Wani ya yi tari a bayan ƙofa. Yana zaune da sandarsa, Rahina na gefensa idonta ya yi ja. Ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, Sajan. A wace ƙafar aka harbe mu?" Na ce ta hagu. Ya ce, "Ko wannan ba ka kwafa daidai ba."

Shekara uku na yi a gidan yari. Sauro bai dame ni ba kamar idon yarinyar nan. Yaran tara aka kore su, Rahina ta yi asarar shekara guda kafin a tantance ta. Mutum ya bar lafiyar ƙafarsa a bakin daga, yafe kuɗin karatun nan ne abin da aka saka masa da shi, ni kuma na yanka shi gunduwa-gunduwa kamar tsire.

Da na fito, gidansa na fara zuwa, na durƙusa. Ya bar ni a ƙasa har gwiwata ta yi tsami, sannan ya ce, "Tashi, tsofaffin sojoji da yawa ba su iya cika takardar neman gurbin makarantar nan ba." Yanzu aikina ke nan, kyauta. Rahina ta gama, ita ke auna mini jini, tana ce mini "Baban bogi".

Samari, in an ba ku amanar takarda, ku tuna akwai mai rai a bayanta. In haƙƙinku ne, ku nema da sunan ubanku na gaske. In ba naku ba ne, ku cire hannu.

Jiya Sajan ya kawo katinsa, za a nema wa autansa gurbi. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗaya." Na danna sau ɗaya, na ɗaga hannuwana sama har takardar ta fito.