Wadda Ta Zauna da Uban

Matar tana tsaye a barandar asibiti da roba cike da zannuwan da ta wanke, hannayenta sun yi fari fat da sabulu. Ba ta kai hamsin ba, amma bayanta ya ranƙwafa irin na mai ɗaga babban mutum kullum. Wata mai shara tana kallonta, tana raya wa ranta cewa tsohon da ke kwance ciki ubanta ne, kuma ita kaɗai ke jinyarsa.

Wani fasto yana ba masu jinya misalin ɗan da ya cinye rabonsa a yawon banza, ya dawo, uban ya yanka masa maraƙi, wansa kuma ya ƙi shiga gidan. Yana murmushi yana cewa ma'anar ita ce gafara.

Matar ta dire robar har ruwa ya fantsama a takalminsa.

"Fasto, wa ya wanke tukwane bayan shagalin?"

"Mama, ai misali ne."

"Na san misali ne. Da ni ake."

Faston ya daina murmushi. Ya ce labarin bai faɗi ko wan ya shiga ba, an bar wa mai ji.

Daga ɗakin ana jiyo dariyar tsohon da wani mai sabon agogo, da alama ƙanen matar ne, da ya iso ɗazu hannu rabbana.

Matar tana kallon ƙofar, leɓenta a cije. Har mai shara ta kai ƙarshen barandar, ba ta shiga ba, ba ta kuma tafi ba.