Hwarin Watan Mujtaba

To, rubuta. Bismillahi.

Mujtaba ɗana na, haihuwar Argungu. Tun yana ƙarami bai barin rediyo da rai, sai ya kwance shi. Da yag girma, Alhaji Yari yad ɗauke shi aiki shagon intanet nai na Gwadangaji, lokacin da wayar hannu tas shigo Birnin Kebbi.

Alhaji yas sawo wani akwati daga Legas, wai bangon wuta. Na ce a'uzubillahi. Mujtaba yac ce, "Inna, mai gadi na, shi ka hana hotunan banza da ɓarayi shiga injuna." Alhaji ko ya rantse in akwatin bai tashi ba kahin Juma'a, wani za ya kirawo daga Kaduna, Mujtaba ya kama gabanai.

Yaron ga ya sha wuya. Ya rufe ƙofofin akwatin duka, yana buɗe su ɗaiɗai, NEPA na ɗauke wuta, janareta na tari. Ran Laraba yag gama, yas sa mai kalmar sirri, yat taho Argungu sunan ɗiyar ƙanwatai Jannatu.

Ran Alhamis abokin aikinai Abdussamadu, Bakano, yab bugo waya, akwai ƙofa guda da za a buɗe.

"Kai Bakabe, mece ce kalmar?"

"Hwarin wata."

"Ta ƙi."

"Hwarin wata nic ce! Kunnuwanka na kasuwa?"

"Ita na rubuta, malam!"

Ashe shi farin wata yaka rubutawa, irin ta bakinsu. Mujtaba ko yadda ubanai ka hwaɗi yas sa ta. Akwatin yak kulle. Abdussamadu, don gwaninta, yas soka tsinke wani ɗan rami na baya, aikin duka yag goge tas.

Mujtaba yab bar tuwon suna yab bi mota. Bai iya maida aikin ba kahin Juma'a. Alhaji yac ce, "Wa yac ce ka sa ma injin Bature Kabanci?" Yas sallame shi, yab bar Abdussamadu mai tsinke bakin aikinai.

Wanga abu har yau yana ci min rai, Allah shi gahwarta min. Mi al laihin ɗana? Bakin da anka haihe shi da shi?

Yanzu yana gyaran kwamfuta nan Argungu. In ya ba mutum kalmar sirri, sai ya sa shi ya maimaita ta gabanai, baƙi baƙi, kamar mai biya allo.