Dawar da Inna Ta Shanya

Shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone a Roni, kwalba uku ta rage mini ta irin laimar kwaɗi, wadda ake ci. Wata malamar asibiti 'yar Kudu ce ta koya mini nomanta a Kazaure, ta ba ni irin, aka yi mata canjin wurin aiki, shi ke nan ban ƙara jin ɗuriyarta ba. Ba iri ba ne da za ka auno a kasuwa. Dawa ce dafaffiya a cikin kwalba, wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe ta, kuma farin nan shi ne ran abin. Daga shi nake shukawa a buhunan ɓuntu, in kai wa masu gidajen abinci. Tun rasuwar maigidana da shi nake ci da yara.

Sanyi yake so, ga shi bazara ta kankama, firjin maƙwabciyata da nake ajiye kwalaben a ciki ya zama akwatin ajiye kwanuka. Sai na binne randa a jiƙaƙƙen yashi a ɗakin Inna, mahaifiyata, don ɗakin ƙasa ne, ya fi sanyi. Na jera kwalaben a ciki. Na yi mata bayani har bakina ya gaji, ta ce ta ji. Ita dai a wurinta abin da ke tsirowa a juji ba abinci ba ne.

Ruwan da za mu sha nake ragewa in zuba wa yashi. Duk da haka kwalba biyu suka yi kore, na zubar ina hawaye. Saura ɗaya. Wallahi ko yarana ban leƙa kamar yadda nake leƙa randar nan ba.

Wata rana na tafi Kazaure neman mai janareta da zai ajiye mini ita, ban samu ba. Ina shigowa gida na ga faifai a tsakar rana, da jar dawa a baje. Kwalbar na kife a gefe, an wanke ta tas. Inna na zaune da kara a hannu tana korar kaji.

"Dawarki ce ta yi fumfuna, 'yar nan," in ji ta. "Na wanke miki kafin ta lalace. Hatsi ba abin wulaƙantawa ba ne."

Na ga yadda take murmushi. Me zan ce wa uwata? Na durƙusa ina tsince dawar ɗaya bayan ɗaya, tana ƙona mini yatsu, ina neman ko da ɗigon fari. Babu. Na mayar da ita kwalba, na toshe, na sa a randa, alhali na san ta mutu.

Har damina ta sauka ina jiƙa yashin nan. Inna ce ke ɗebo ruwan, da ciwon gwiwarta, kuma ba ta taɓa tambayata ko farin ya dawo ba.