Mai Miyar Kifi a Gwanghwamun

A 1987 Pyo Man-sik ya fara ganinta, tana shafa wa ɗalibai man goge baki a ƙarƙashin ido saboda barkonon tsohuwa. Har yau bai san sunanta ba. Yanzu ta yi furfura, tana sayar da miyar kifi a jikin motocin 'yan sandan da suka raba gangami biyu. Ba ta sa ja ko shuɗi, gudun kada a laƙaba mata jam'iyya.

Wani mai ɗaukar bidiyo ya saita mata waya.

"Iya, ke ta su wa ce?"

"Ta tukunyata, ɗana."

Bai yi dariya ba. Ya ce wa masu kallonsa, "Jama'a, ku riƙe fuskar nan."

Ta ja hula ta rufe goshi.