Wanzamin da ya hana ni ƙaho

Ranar tara ga Rajab, shekara ta 1298, wani falke ya iske ni a zaurena a Gwaram ya ce, "Malam Isma'ila, sai haƙuri, Abdulsalami Wanzami na Birnin Kudu ya riga mu." Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Baba Abdulsalami, shekara uku ke nan da na zo maka da wuya a sanƙare. Mahaifina ya rasu ya bar Alƙur'anin da yake rubutawa a izu talatin, na yi masa alkawarin cikawa, sai ciwo ya kama ni daga ƙeya har kafaɗa, alƙalami ya gagare ni. An yi mini ƙaho sau huɗu. Wasu suka ce sammu ne, ni ma har na fara yarda.

Ka lalubi jijiyar da yatsa, ka mayar da zabirarka gefe. Ka ce, "Malam, jininka ba shi da laifi. Ina so in ga yadda kake zama." Raina ya ɓaci, don ni ƙaho na zo nema. Amma da tsufanka ka biyo ni yini biyu a kan jaki, ka zauna kana kallona tun hantsi har azahar. Ashe asalin Alƙur'anin da nake dubawa ina kwafa a ƙasa nake ajiye shi, hagu da buzuna, kowace kalma sai na karkata kai. Ka kifa turmin matata Rahmatu a gabana, ka ɗora takardar a kai, ka yi dariya ka ce ilimi ya yi wa wuya nauyi. Ka koya mata gashi da ruwan ɗumi da murza man kaɗe, ni kuma ka ce kowane shafi in tashi in waiwaya dama da hagu. Kafin kaka na koma rubutu.

Na kai Nasi, surar ƙarshe, a watan jiya. Na ce bari a gama ɗinka gafaka tukuna in kawo maka ka gani da kyansa. Wannan jinkirin yana ci mini rai, Baba, ba zan ɓoye ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba matarka Inna Hapsatu da 'ya'yanka haƙuri. Duk wanda ya buɗe izu talatin ɗin nan ya karanta, Allah ya fara rubuta maka ladan kafin ni.